Na'urar GFO mai tsotse fosfet a akwatin ciyawar teku: wata tara ina aiki da ita, ga abun da na gani

Jama'a wannan na'urar na daɗe ina so in yi magana a kanta, amma nace bari dai ta kwana biyu a hannuna tukunna, don irin waɗannan kayan sati biyu baya isa mutum ya yanke musu hukunci. Yanzu wata tara kenan tana aiki a ƙarƙashin akwatina na gilashi mai ruwan gishiri da nake kiwon ciyawar teku a ciki, naga amfaninta, naga kuma inda ta kusa ja min asarar ciyawar da na sha wahala a kanta, to yanzu kam ina da bakin magana.

Abun da nake nufi shine silindar nan ta roba garai-garai da ake zuba GFO a ciki, ruwa ya shiga ta ƙasa ya ratsa ya fito ta sama, masu harkar suna ce mata riyakta. Ba zan kira sunan kamfanin da ya ƙera tawa ba, dama kusan duk ƙirarsu ɗaya ce, silinda ce da bututu a tsakiya, soso biyu ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai ƙaramin famfo da bawul na rage ruwa. Shi kuma GFO ɗin wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi ne ja mai duhu, a taƙaice dai tsatsar ƙarfe ce da aka sarrafa, aikinta ta kama fosfet ɗin da ke yawo a ruwa, wato sinadarin takin da gansakuka take ci, ta riƙe gam, tana haɗawa har da silikat.

Akwatina lita 200 ne, da ƙaramin tanki a ƙasa inda injina suke. Yashin ya kai zurfin santimita 12, ƙasansa na shimfiɗa laka siririya kafin in zuba yashin aragonait, wato farin yashin teku mai kalsiyam kabonet, a sama. Gishiri ina riƙe shi a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 25. Ciyawa iri uku na dasa, Halodule wrightii mai siraran ganye dogaye, Halophila ovalis mai ganye biyu-biyu kamar 'yan cokula, sai Syringodium filiforme wadda ganyenta zagayayye ne kamar zare mai kauri. Kifi kaɗan ne, sauran duk dodannin koɗi da ƙananan halittun da suke rarrafe cikin yashi.

Dole in tsaya nan in faɗi wani abu, don duk kuskuren da nayi da wannan na'urar daga rashin riƙe shi ne ya taso. Ciyawar teku ba gansakuka bace. Shuka ce ta gaske, tana da saiwa, tana da jijiya mai rarrafe a ƙarƙashin yashi wadda take fidda sabbin tsiro, tana fure har da iri, duk duniya nau'inta baifi kusan 70 ba. Ita gansakuka bata da saiwa, ta jikinta take shan abinci kai tsaye daga ruwa, kuma tana sha da sauri fiye da ciyawar nesa ba kusa ba. Ciyawar kuma tana ci ta hanya biyu, ta saiwa cikin yashi da kuma ta ganye. To idan ruwa ya cika da fosfet da naitiret, wanda shima sinadarin taki ne, gansakuka ce take riga kowa, kuma ba a dutse kaɗai take tsayawa ba, kan ganyen ciyawar take hawa ta lulluɓe shi ta tare masa haske, alhali ciyawar teku tana cikin shuke-shuken da suka fi buƙatar haske mai ƙarfi. Kai kuma don ciyawar ta rayu ka saka fitila mai ƙarfi, wadda ita ce gansakukar ma take so. Kaga inda gizo ke saƙar kenan. Ko a teku ma abun da ke cinye filayen ciyawar a bakin gaɓa kenan idan taki da ruwan kwata suka malalo ciki.

A wata na huɗu da dasa ciyawar abun ya same ni. Gansakuka mai kama da gashi, koriya shar, ta fara daga duwatsu ta gangaro, sai wata ƙura-ƙura ruwan ƙasa a kan yashi da gilashi, sannan ganyen Halodule ɗin duk suka yi gashi-gashi kamar an yafa musu auduga. Kullum da yamma ina zaune ina murza ganye ɗaya-ɗaya da yatsa, gobe kuma ta dawo. Na auna fosfet da ma'aunin kamfanin Hanna mai nuna lamba, ya bani 0.28 ppm, wato kashi cikin miliyan. Wallahi ranar raina ya ɓaci sosai, don ruwan RO/DI nake amfani dashi, wato wanda inji ya tace tas, TDS ɗinsa, wato awon abun da ya narke a ciki, sifili, abincin kifi ma ba yawa nake sawa ba. Daga baya na gane duwatsun da na saka tsofaffi ne, sun taɓa zama a wani akwati, kuma dutsen murjani da yashin aragonait suna shanye fosfet su ajiye, idan na ruwa ya ragu sai su riƙa sako nasu a hankali. Shi yasa duk canjin ruwan da nake yi, kwana uku lambar ta koma inda take. Wannan ne ya sa na sayi na'urar.

Haɗa ta bai bani wahala ba, minti ashirin na gama. Robar tana da kauri, bata yoyo, kuma da yake garai-garai take kana ganin yanda tsakuwoyin suke motsi, wanda shine abu mafi muhimmanci a aikinta. Amma akwai abubuwan da suka dame ni tun ranar farko kuma har yau suna damuna. Famfon da ya zo da ita yayi mata ƙarfi da yawa, ita GFO ba a so ta riƙa tafasa tana birgima, so ake saman ta kawai ya riƙa ɗan motsi kamar ruwan da ya fara ɗaukar zafi, idan tayi ta gogar juna sai ta niƙe ta zama ƙura ja ta fita ta bi akwati. Bawul ɗin kuma bashi da tsaka-tsaki, ka ɗan murɗa ruwa ya ɗauke, ka ɗan saki ya taho da gudu, sai da na cire shi na saka wani mai zare wanda ake juyawa kaɗan-kaɗan sannan na samu yanda nake so. Murfin ma kusoshin roba shida ne, duk ranar canji sai ka kwance su ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen hannu a wuri matsattse, kuma robar zoben da ke hana yoyo in baka shafa mata man silikon ba tana iya karkacewa. Waɗannan ba manyan laifuka bane amma duk wanda zai saya ya san da su.

Wanki kuma dole ne. Kafin ka haɗa ta da akwati ka saka tiyon fita a bokiti ka bar ruwan RO/DI ya bi ta ciki har sai jan ya ɗauke ruwan ya fito fari tas. Ni sai da na zubar da kusan lita biyar.

Yanzu ga inda na tafka kuskure, kuma wannan laifina ne ba na na'urar ba. Haushin gansakukar ya sa na zuba cikakken awon da aka rubuta na girman akwatina, har na ɗan ƙara. Kwana biyu fosfet ya sauko 0.09, kwana shida ma'auni ya nuna 0.00. Murna kamar me. Gansakukar gashin ta fara fari-fari tana tsinkewa da kanta in ka taɓa, ƙurar ruwan ƙasan nan, wadda daga baya na tabbatar dayatom ce masu gina jikinsu da silikat, ta ɓace ƙaf cikin sati ɗaya. Aiki kam tayi, babu wanda zai ce min GFO bata tsotse fosfet.

Sati na uku sai na fara ganin wani abu daban. Wani yauƙi ruwan ƙasa mai zare-zare, da 'yan kumfa a maƙale a jikinsa, yana rataye a bakin ganyen ciyawa. Da safe kafin fitila ta kunnu babu shi, kafin tsakar rana ya rufe ko'ina. Dodannin koɗina suka daina motsi, guda huɗu suka mutu cikin kwana biyar. Na ɗebi ɗigo na duba a ƙaramin madubin ƙara girma, sai gasu nan kamar 'ya'yan kankana ƙanana suna juyawa a wuri ɗaya kamar an ɗaure su da zare. Dainofilajilet ne, wasu ƙananan halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya, irin da ake kira Ostreopsis, kuma suna da guba, ita ce ta kashe dodannin. Masu harkar nan sun daɗe suna lura cewa sun fi ɓarkewa a akwatin da fosfet ko naitiret ya faɗi sifili, lokacin da sauran ƙananan halittun da ke gogayya dasu suka rasa abinci. Wato da hannuna na share musu fili.

Ciyawar ma ta ji jiki. Halophila ita ce ta fara nunawa, don ganyenta dama basa daɗewa, tsoho na faɗuwa sabo na fitowa, to sai sabbin suka riƙa fitowa ƙanana, ɗorawa-ɗorawa, wasu har kana hango yashi ta cikinsu. Jijiyar da nake gani tana bin gilashi ta tsaya cak. Halodule ta ɗan jure, Syringodium kuma ta zubar da kusan rabin ganyenta. Alkaliniti ma, wato awon baikabonet da kabonet ɗin cikin ruwa, ya sauko daga 8.3 zuwa 7.1 a ma'auninsa na dKH ban lura ba, wannan sanannen hali ne na GFO idan an zuba da yawa, tana jawo sinadarin kalsiyam kabonet ya daskare a jikinta da jikin soso, kuma ciyawar teku da yawa suna amfani da baikabonet ɗin cikin ruwa wajen haɗa abincinsu, to kaga an taɓa ta ta gefe biyu kenan. Gaskiya kwanakin nan ban ji daɗi ba ko kaɗan, tsiron da ka zauna ka dasa da hannunka ɗaya-ɗaya kana kallonsa yana narkewa.

Na kashe na'urar gaba ɗaya. Na ƙara wa kifi abinci, na daina canjin ruwa na sati uku, na riƙa ɗiga naitiret har ya kai 5, na maida alkaliniti a hankali ba dare ɗaya ba. Na kuma haɗa fitilar UV mai kashe ƙwayoyi, tana jan ruwa daga cikin akwatin kai tsaye da gudu kaɗan, don su Ostreopsis da dare suna sakin ganye su shiga ruwa suna iyo, nan UV take samunsu. Da irin Amphidinium ne masu lafewa cikin yashi da UV bata yi wani tasiri ba, shi yasa duba su a madubi yake da amfani kafin mutum ya fara magani. Da rana kuma ina zuƙe yauƙin da siririn tiyo ta cikin matata mai laushi, da safar hannu, da gawayin tace ruwa a tankin ƙasa saboda gubar. Wajen wata ɗaya kafin naga bayansu.

Fosfet kuwa da na kashe na'urar sai ya hau abunsa, ya koma 0.2, duwatsu na ta sakowa, gansakukar gashi ta fara leƙowa. To anan ne na koma mata karo na biyu, kuma wannan karon ne na gane yanda ake zama da ita. Kashi ɗaya cikin huɗu na awon na zuba, ruwa kuma siriri. Ina aunawa duk bayan kwana biyu. Ya ɗauki sati uku kafin ya sauko 0.08, kuma nan nake so ya tsaya, tsakanin 0.05 da 0.10, naitiret tsakanin 3 da 8. Duk ranar da naga 0.04 sai in kashe famfon na kwana biyu, amma fa in zaka kashe ta fiye da 'yan awanni ka zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta kafin ka maida, kar ka tura shi akwati. A wannan matakin gansakukar bata mutu dare ɗaya ba, ƙarfinta ne ya karye, ta daina girma da saurin da yafi ƙarfin masu cinta.

Su masu cinta ɗin dole a basu haƙƙinsu, don na'urar ita kaɗai bata taɓa share ganye ko ɗaya ba. Dodannin koɗi irin Cerith sune na fi yabawa, ƙanana ne marasa nauyi, suna hawa ganye su kankare shi ba tare da sun karya ba, suna kuma shiga saman yashi. Trochus na gilashi da dutse, kuma in ya faɗi a baya yana iya juya kansa. Manyan Turbo na cire su, cin gansakuka kam sun iya amma tafiyarsu kamar katafila ce, suna tumɓuke sabon dashe. Nassarius kar ka saye su don gansakuka, ragowar abinci da mushe suke ci. Ƙananan amfifod da kofifod, 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande da suke yawo da dare, suma suna aiki sosai a kan ganye, shi yasa ban saka kifin da zai cinye su ba. Bushiyar teku, kifin tang da kifin zomo kuwa ko kusa, waɗannan ciyawar kanta zasu kiwata. Tauraron teku mai tonon yashi shima kar ka saka shi.

Wani abu da na koya a wannan zagayen, tunda gansakuka daga ruwa take ci ciyawa kuma tana da saiwa, to abincin ciyawar a yashi ya kamata ya zauna. Duk bayan wata biyu ina gutsura ƙwayar takin saiwa in tura ta da hantsaki can ƙasa kusa da laka, in rufe ramin da kyau don kar ya fito ruwa. Ina kuma ɗiga sinadarin ƙarfe na shuka kaɗan sau biyu a sati, don yashin aragonait yana riƙe ƙarfe da fosfet ya hana shuka samu. Kar kace ai GFO ma ƙarfe ce zata wadatar, a'a, irin nata baya narkewa yanda ciyawa zata amfana. Sai dai ƙarfen nan gansakuka ma tana sonsa, in ka zarce zaka gani a gilashi cikin kwana biyu. Tsofaffin ganyen da suka yi gashi sosai kuma na daina wahalar murza su, almakashi nake sa musu, amma ban taɓa jijiyar ƙasa, musamman bakinta mai tsiro, don in ya karye wannan reshen ya tsaya kenan. Fitila awa tara, ruwa kuma yana kaɗawa daidai yanda ganye zasu riƙa rausaya datti baya kwanciya a kansu.

Akwai abubuwan da na'urar bata yi min ba, gara in faɗa don kar wani ya saya da dogon buri. Bata taɓa naitiret ko kaɗan. Bryopsis, wato wadda take kama da gashi amma in ka duba da kyau kamar gashin tsuntsu take, ko a jikinta, ta tsiro min a dutse ɗaya tana nan kore shar har lokacin da fosfet yake sifili, sai da na fidda dutsen waje na magance ta. Gansakuka mai ƙwallaye kamar balan-balan, Valonia, ita ma da hannu na cire. Jan yauƙin nan da ake ce wa cyano, wanda asalinsa bakteriya ce, ya zo ya tafi sau biyu kuma naga ya fi alaƙa da wurin da ruwa baya motsi da dattin da ya taru fiye da lambar fosfet.

Wajen kula da ita, GFO ɗina yana kai sati biyar zuwa shida kafin ya ƙoshi. Yanda nake ganewa, ina auna ruwan da ke fitowa daga tiyon na'urar in kwatanta da na akwati, in sun zo ɗaya to ya gama aiki. Soson ƙasa yana toshewa kamar duk sati biyu, ruwan ya ragu, tsakuwoyin su dunƙule su zama kamar dutse ɗaya ruwa ya huda hanya ɗaya yana bi, to sai ka buɗe ka wanke ka farfasa. Wannan shine aikin da yafi gundurata. Da farko ina haɗa ta da gawayi a silinda ɗaya, na daina, don lokacin canjinsu ba ɗaya bane kuma GFO tana niƙe gawayin in suna gogayya. Wata na bakwai zuwa yanzu kuma abun da nake zubawa ya ƙara raguwa, alamar duwatsun sun kusa sauke abun da suka tara.

In mutum bashi da ma'aunin fosfet mai karanta ƙananan lambobi, don Allah kar ya sayi wannan na'urar tukunna, ma'aunin ya fara saya. Irin na kwatanta launi da ido baya bambance 0.03 da 0.00, kuma tsakanin waɗannan biyun ne ciyawa take rayuwa ko ta lalace. Masu Hanna kuma a kula, HI774 fosfet yake bayarwa kai tsaye a ppm, HI736 kuwa fosfaras yake karantawa a ppb, wato kashi cikin biliyan, sai ka ninka da 3.066 ka raba da 1000 sannan ka samu fosfet. Wanda akwatinsa sabo ne bai kai wata uku ba shima ya dakata, dayatom da ɗan koren farko suna wucewa da kansu yawanci. Wanda fosfet ɗinsa yake ƙasa da 0.1 kuma ciyawa na tsiro bashi da buƙatarta sam, ya ƙara dodanni ya rage awannin fitila. Amma wanda yake irin halin da na shiga, ruwa mai kyau, abinci daidai, canjin ruwa akai-akai, lamba kuma taƙi sauka daga 0.2, wannan zata yi masa aiki, tauraro huɗu cikin biyar nake bata, ɗayan na cire ne saboda famfo da bawul da murfin nan.

Yanzu haka Halophila ta rufe gaban akwatin daga kusurwa zuwa kusurwa, har ina yanke jijiyar da take hawa gilashi, Halodule tana fidda sabon tsiro kusan kowane sati, Syringodium ce dai har yanzu bata koma yawanta na da ba amma sabbin ganyenta tsaf suke babu gashi. Jiya na auna, fosfet 0.07, naitiret 5, alkaliniti 8.2. Ina shirin ƙara yashi a kusurwar baya ya haura santimita 15 don in gwada Thalassia testudinum mai faffaɗan ganye, ita saiwarta tana nitsawa sosai kuma tana daɗewa kafin ta kama, kuma ranar da zan dasa ta zan kashe na'urar na sati biyu tukunna.